Yadda Gajere Ya Ƙera 'Yar Bakura

A bayan tashar motar Talata Mafara akwai wata rumfar kwano da iska ta ɗan karkatar wajen gabas, kamar tsohuwa mai sauraren gulma. Nan Gajere yake zama. Sunansa na yanka Ishaq, amma in ka nemi Ishaq a layin, wurin wani mai faci za a aika ka. Da gyaran risho da fitilar ƙwai ya fara neman abinci. Da fitilun caji suka shigo gari suka kashe masa kasuwa, bai yi musu Allah ya isa ba, sai ya koma gyaran injin ban-ruwa. Manoman rani suna ɗauko masa su a bayan babur daga fadamun Bakura da Garbadu, kowane inji da irin tarinsa. Da wannan yake ci, da wannan ya aurar da 'ya'ya uku.

Amma ba da shi aka san shi ba. In la'asar ta yi, ya wanke baƙin mai daga hannu, sai ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin benci. A ciki akwai almakashin yankan kwano, da filaya ƙanana biyu, da ƙarfen dalma da yake gasawa a garwashi, da gwangwanayen madara da na tumatir waɗanda aka buɗe aka daddale kamar takarda. Da su yake ƙera motoci. Tsawon kowace bai kai kamu ɗaya ba, amma ƙofarta tana buɗewa, tayarta tana juyawa. Tayoyin daga tsohon silifa yake yanko su, ya bi su da reza yana fitar da zane. In ka murɗa sitiyarin da ƙaramin yatsa, tayoyin gaba su amsa.

Yana da igiya wadda ya ƙulla a kowane kamu. Ba ya ƙera motar da bai auna ba. Kamu ɗaya a jikin babbar mota, faɗin babban yatsansa ɗaya a jikin gwangwani. Direbobin tasha sun saba da shi. In ka dawo daga sallah ka tarar da wani gajeren mutum kwance ƙarƙashin motarka yana ƙirga ganyen sifirin, ba ɓarawo ba ne, jira za ka yi ya gama.

Dokokinsa biyu ne. Ba ya sayarwa. Kuma in ya rufe kan mota da dalma, ya rufe ke nan. "Mota in ta hita gareji, ta hita," haka yake cewa. Motoci arba'in da ɗaya suka taru a gidansa, suka hau kanta, suka ture kwanukan matarsa Nagode zuwa ƙarƙashin gado.

"Ni ɗai ta macen da ke da tasha cikin ɗaki," in ji Nagode, "amma ƙasa nika zuwa biki."

Kowace Talata, ranar kasuwa, taubashinsa Hamma yana zuwa daga Bakura. Mahaifin Hamma shi ne yayan mahaifiyar Gajere, saboda haka tun ranar da aka raɗa wa Gajere suna, Hamma ya sami abin tsokana, kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "ɗan mace". Hamma ya tasam ma tamanin. Tsohon direba ne, idonsa ya rufe shekara biyar da suka wuce, amma kunnensa ya ƙara buɗewa. Yana zaune a bencin Gajere, mota ta wuce a titi, sai ya ce, "Wagga gobe tana gareji." Kuma sau da yawa haka ake yi.

Wata Talata, ana saura mako guda a kama azumi, Gajere ya gama wata tirela mai taya goma sha takwas. Mutane suka taru suna yabawa. Samuel kafinta, maƙwabcin rumfarsa wanda yake ba shi guntayen katako, ya ɗauke ta ya ɗora wa Hamma a cinya.

Hamma ya shafa ta daga kai zuwa wutsiya, ya taɓe baki.

"Mi wanga?"

"Tirela ta, tsoho," in ji Gajere. "Ƙirga tayoyin in kana iya kai goma sha takwas."

"Gwangwani dai. Motocin zamani duk uwa guda ta haihe su, kowa na iya ƙera su. Ɗan mace, in kai maƙeri na, ƙera 'Yar Bakura."

Duk wanda ya taɓa zama da Hamma na rabin sa'a ya san 'Yar Bakura. Gingimari ce mai dogon hanci da bodin katako, wadda ya tuƙa shekara goma sha ɗaya tun yana saurayi, yana kwasar gyaɗa da auduga daga Maradun da Bakura zuwa Gusau. Ya fi yawan zancenta a kan zancen duk wani mahaluki da ya taɓa zama da shi.

Yabon mutane yana kan Gajere a ranar, kuma yabo yana sa harshe santsi.

"Ina ƙera ta," ya ce. "In sa ta cikin motoci goma, ka lalubo ta da hannunka, ka ce ita ta."

"In ban gane ta ba hwa?"

"In ba ka gane ta ba kahin Sallar Layya, na aje dalma. Ba ni ƙara ƙera mota har in mutu."

Hamma ya juya fuska wajen rumfar kafinta. "Samuel, ka ji?"

"Na ji, Baba, da kunne biyu."

Sai da kasuwa ta tashi Gajere ya lura da ramin da ya haƙa wa kansa. Ya ɗora abin da ya fi so a duniya a kan tabarma, ya naɗa taubashi alƙali, mutumin da aikinsa tun fil azal shi ne ya ce masa a'a. Ga kuma babbar matsala: babu motar da zai auna. Irin 'Yar Bakura sun daɗe da barin titi.

Ya yi ta cigiya a tasha, har wani direban da ke bin hanyar Maradun ya ce ya taɓa ganin kan wata tsohuwar gingimari a bayan wani gida a Janbako. Hamma ya ce ba shakka ita ce, don can aka sayar da ita bayan injinta ya buga. Ranar kasuwar garin Gajere ya naɗe igiyarsa ya hau bayan ɗan kabu-kabu. Suka bi ayarin 'yan kasuwa da niyyar juyowa kafin la'asar, kamar yadda mutanen yankin suka koyi yi a shekarun nan. Hanyar ta girgiza shi har ya ji haƙoransa suna gaisawa da juna.

Mai gidan, Sufyanu, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Aka gaisa. An zo lahiya, lahiya lau. Ya hanya, ya rana, ya mutanen Mahwara, ya iyali, ya ƙoƙari, ya muka ji da zafi. Aka sha ruwa, aka sake gaisawa. Sannan Gajere ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sufyanu ya dube shi, ya dubi igiyar. "Malam, tun daga Mahwara kat taso don ka auna akurkin zabbi?"

Akurkin zabbi kuwa ta zama. Tana can bayan gida ta nutse cikin ƙasa har gwiwa, busasshen yaɗon kabewa ya yi mata rawani. Babu ƙofa, babu kujera, babu sitiyari, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe duk abin da ke kwancewa. Amma hancin yana nan, dogo, mai girman kai, yana kallon gonakin da bai ƙara ratsawa ba. Gajere ya kori zabbin da ladabi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna lanƙwasar goshi da ramin fitilu, ya ƙirga ƙusoshi. Ya fito da gashin zabo a hula, yana murmushi kamar wanda ya dawo daga ganin amarya.

Bodin kuwa daga bakin Hamma ya auna shi. Kowace Talata sai ya jefa tambaya kamar ba da gangan ba, tsohon kuma ba ya iya riƙe zancen 'Yar Bakura ko da ya san taimakon abokin gaba yake yi. Katako tara kowane gefe. Tsani a baya, mai mataki shida. Ƙugiyar rataya buta a ƙarƙashin bodi. Akwatin kayan aiki. Ƙarfen da ake zurawa ta hanci a murɗa kafin inji ya tashi, wanda ya taɓa karya wa wani yaron mota hannu. Hamma ya faɗi launin kujera, ya faɗi ƙarar ham, ya faɗi warin da take yi in ta hau tudu da lodi.

Azumi ya zo ya wuce, zafin bazara ya kwanta a kan garin kamar bargo. Mangwaro ya nuna, ya ƙare. Gajere yana sunkuye, garwashi a gefe, dalma tana narkewa tana gudu a kan gwangwani kamar hawayen azurfa. Samuel ya fere masa katakon maɗaci siri-siri. Wani baduku ya ba shi guntun jar fata ya yi kujera. Ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari kamar zobe, ya kafa kawunan allura uku a ƙasa a matsayin kuloci da birki da totur, sannan ya ɗora rufi ya rufe kan da dalma. Layin ya fita sumul, ko farce ba ya kama shi. Ya shafa koren fenti sau uku.

"Wa zai ga fentin?" Samuel ya tambaya. "Baba ba ya gani."

"Ni ina gani," in ji Gajere.

Ruwan farko ya sauka ranar da ya gama, ƙasa ta saki ƙamshinta. Ana saura kwana goma sha biyu Sallah, ranar Talata, aka shimfiɗa tabarma a gaban rumfa, aka jera motoci goma. Direbobi suka zo, 'yan kamasho suka bar lodi, mai shayi ya matso da teburinsa. Nagode ta aiko daga gida cewa tana yi wa Hamma addu'ar nasara, don kwanukanta sun gaji da zaman ƙarƙashin gado.

Hamma ya zauna ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki ta farko, ya ajiye. "Bas ta." Ta biyu. "Tanka. Ko yaro ya san wagga." Ta uku, ta huɗu. Da hannunsa ya sauka a kan ta biyar, sai ya tsaya. Yatsunsa suka bi dogon hancin a hankali. Suka ƙirga katako, leɓɓansa suna motsi. Suka hau tsani mataki-mataki, suka sami ƙugiyar buta. Gajere ya fara gyara zaman hula.

Sai Hamma ya buɗe ƙofar dama ya zura ƙaramin yatsa. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa.

"Ina sitiyari?"

"Ga shi can hagu, inda Allah ya aje sitiyari."

Hamma ya zare yatsansa. Ya rufe ƙofar, ya ajiye motar a kan tabarma da hannu biyu, yadda ake ajiye jaririn wani.

"Ba tawa ba ta."

Aka yi caa. Gajere ya ce sharri ne irin na taubashi. Amma fuskar tsohon babu wasa a cikinta.

"Ɗan mace, 'Yar Bakura ta girmi canjin hannu. Sadda anka kawo ta, hagun titi muka bi, sitiyari na dama. Har anka canza hannu ina tuƙinta hakanan. Shekara goma sha ɗaya ta wagga ƙohwa nika shiga. Yau ka kawo ni ka aje kujerar hwasinja?"

Dattawa biyu da ke wurin suka gyaɗa kai. Haka ne, tsofaffin motoci duk a dama sitiyarinsu yake. Gajere kuwa lokacin da aka canza hannu yana rarrafe. Tun da ya yi wayo bai taɓa auna motar da sitiyarinta ba ya hagu ba, kuma a Janbako babu sitiyarin da zai gani.

"To mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Ka tambaye ni? Ka tambayi buta, ka tambayi tsani. Ana gaya wa mutum cewa rana gabas taka hitowa?"

Aka yi dariya, amma Gajere bai ji ta ba. Lissafin kwanaki yake yi. Sabuwar mota wata uku take ci. Wannan kuwa ba ta gyaruwa sai an yanke rufin da ya rufe, kuma shekara talatin bai taɓa yanka kan motar da ya gama ba.

Kwana uku yana dawowa gida tun la'asar, akwatin katako a kulle. Ya gyara murhun da bai lalace ba. Ya ce tsintsiya ba a nan ya kamata a jingine ta ba. Ya ɗanɗana miya tun tana kan wuta ya ba da shawara. Rana ta huɗu Nagode ta ajiye muciya.

"Malam, in wanga shi na aje dalma, ban so. Na janye addu'ata."

"Ba ke kic ce kwanukanki sun gaji ba?"

"Su ƙara haƙuri. Tashi ka yanka ta."

"Ba a buɗe kan mota in an ruhe."

"Wa yac ce? Cikin wane littahi? Kai kac ce, kai ka warwarewa. Tela ma shina hwarke ɗinki, ba a ce ya bar telanci ba."

Washegari Gajere ya gasa ƙarfe ya kwantar da motar a kan cinya. Samuel ya ce ya ji shi yana ba ta haƙuri. Koren fenti ya tashi ƙuraje, rufin ya ɗago. Ya cire sitiyari ya mai da shi dama, tare da sandar da ke juya tayoyi. Ya tsince kawunan allurar nan uku ya sake kafa su. Ya mai da agogon gudu gaban direba. Da ya gama, sai ya zauna yana tunanin ƙafar mutumin da ya hau mota ɗaya ta ƙofa ɗaya shekara goma sha ɗaya. Ya ɗauki zarto ya goge matakin dama har ya yi santsi, tsakiyarsa ta ɗan lotsa.

Rufin ne bai koma yadda yake ba. Gwangwanin da ya sha wuta sau biyu ba ya kwanciya. Layin dalma ya fito tudu-tudu daga kunne zuwa kunne, fenti bai iya ɓoye shi ba. Ita ce mota mafi muni a cikin duk waɗanda ya ƙera, kuma ita zai kai gaban alƙali.

Talatar ƙarshe kafin Sallah, garin ya cika da raguna. Kukansu yana tashi daga kara, kasuwar dabbobi, har tasha, ana ɗaure su a saman motoci suna kallon duniya da idon wanda ya fara zargin wani abu. Hamma ya iso da hantsi. Aka gaisa, aka tambayi Bakura da ruwan da aka samu, aka tambayi shuka. Samuel ya jera motoci goma, ya cakuɗa su da kansa.

Hamma ya ɗauki wata a-kori-kura ya ɗaga sama. "Alhamdu lillahi, ga ta nan!"

"Tsoho, ka ji tsoron Allah," in ji Gajere.

"Ji yadda ɗan mace ka rawar jiki. Ku ba shi shayi."

Mai shayi ya zuba ya ajiye kofin a bakin tabarma, Gajere bai ko dube shi ba. Hamma ya ci gaba da laluba, yana ajiyewa, har ya kai ta takwas. Hanci. Katako tara. Tsani. Yatsansa ya hau rufi ya ci karo da tudun dalma, ya tsaya.

"Mi wanga bisa kai?"

"Tabo na. Nan niy yanka."

"Hmm. Aikin ɗan mace."

Babban yatsansa ya sauko ya sami matakin dama. Ya shafa shi, ya sake shafawa. Sannan ya buɗe ƙofar ya zura ƙaramin yatsa, yatsan ya sauka daidai kan zoben waya. Ya murɗa dama, tayoyi suka juya dama. Ya murɗa hagu, suka bi.

Ya sauke motar a gefen hagu na tabarma, ya kama ƙarfen hanci da yatsa biyu ya murɗa. Daga cikin ƙirjinsa wata ƙara ta taso, ta yi tari sau biyu, ta kama. Ya fara tura ta a hankali, yana canza giya da baki.

"Baba," in ji Samuel, "shaidu suna jira. Ita ce ko ba ita ba?"

"Samuel, ana yi wa direba magana shina hawan tudu da lodi? Bari in hita Maradun tukuna."

Ya hau tudun, wanda ba wani abu ba ne illa lanƙwasar tabarma. Ya sauko. Ya danna ham da hanci, wasu raguna biyu da ake wucewa da su suka firgita.

"Ita ta," ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Ja'irar, ita ta."

Tasha ta ɗauki sowa. Gajere ya zauna daɓas a kan benci, ya cire hula ya share zufa, ya mayar da ita a karkace. Ya buɗe baki zai yi kirari, Hamma ya riga shi. Motar ta miƙo gangara, ta nufi bakin tabarma gadan-gadan.

"Ɗan mace, ina jin ƙamshin shayi gabana. Ɗauke kofinka da sauri. Birkinta sai an taka sau ukku, kuma yanzu niy yi na hwarko."